Maigidana Ya Ce Ina Masa Fatan Mutuwa

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni matar aure ce a Gangare, cikin garin Jos. Muna da yara, ga kuma mahaifiyar maigida da muke zaune tare, tana fama da hawan jini. Shi ɗan kasuwa ne, yana saro kaya a Kano, wani lokacin Abuja. Idan ya ɗauki hanyar Saminaka, ko ya nufi Hawan Kibo, hankalina ba ya kwanciya sai na ji muryarsa. Yanzu ga Disamba ta kama, ga hazo, ga motoci sun cika hanya saboda bukukuwa, kuma akwai ɗaurin auren ƙanwarsa a Bauchi ƙarshen wata.

Shi ne na roƙe shi mu zauna mu yi shirin ko-ta-kwana kafin shekara ta fita. Ba wani abu mai yawa na nema ba. Ya nuna min inda takardar gida take, mu haɗa ta da takardun haihuwar yara a leda ɗaya. Ya rubuta waɗanda yake bi bashi da masu bin sa. A ajiye 'yan kuɗi a hannu, tunda kowa ya ga abin da ya faru farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma maganin ciwon kai ya gagare shi. Sannan a daina barin maganin Inna sai ya ƙare ƙarƙaf. Ina rufe baki ya haɗa rai, ya ce fatan mutuwa nake masa. Inna da ta ji, sai ta ce bakina ya sari ɗanyen kashi, wai rashin tawakkali ne ke damuna.

Hajiya, wallahi maganar ta yi min ciwo. Wanda ya tashi a Jos ba sai an ba shi labarin yadda musiba ke zuwa ba. Mun ga rikicin Satumbar 2001. Mun ga gobarar kasuwar Taminus a 2002, har yau akwai iyayenmu da ba su farfaɗo ba. Ambaliyar Yulin 2012 kuwa, cikin azumi, unguwarmu da Rikkos ta faɗa wa. Ba zan manta wata maƙwabciyarmu ba, ta shanya takardun makarantar ɗanta a kan langa-langa, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a hankali kada su yage, tawadar duk ta narke. Leda ɗaya da an rataye a ƙusa da ta tsare mata su.

Kuma duk lokacin da abu ya faru, maƙwabta ne suka fara kawo ɗauki. A dokar hana fita ta Agustan 2021, ta kan katanga muka riƙa miƙa wa juna garin tuwo da gishiri da ashana. Wannan ya sa mu matan Islamiyyarmu muka yi shawarar buɗe ɗan asusu na gaggawa, mu kuma san wa ke da Keke Napep ko mota idan naƙuda ko ciwo ya taso da tsakar dare. Nan ma ya hana ni shiga, ya ce tonon asiri ne.

Abin da ke hannuna na yi. Babbar 'yata ta haddace lambar babanta da ta kawunta, ta san 112 ta gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Kaskon gawayi kuwa na hana a kwana da shi a ɗaki komai sanyin Jos, don hayaƙinsa na kisa ba tare da an farka ba. Amma takardu da bashi sai da yardarsa.

Malamarmu ta karantar da mu hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah, da na Ibn Umar kan kada mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ta kasance a rubuce ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi take. Sai dai ina jin nauyin kawo masa su, kada ya ga kamar ina nuna masa ilimi. Mutumin kirki ne, bai rage mu da komai ba, ina ganin tsoron maganar ne kawai yake yi.

To Hajiya, ta ina zan ɓullo masa? In bi ta wajen yayansa, wanda yake jin maganarsa, ko hakan zai zama na kai ƙararsa? Wata ƙawata ta ce in ɗauki hoton takardun a waya ba da saninsa ba, amma zuciyata ba ta kwanta da haka ba, ina gudun cin amana. Inna kuma fa, yaya zan fahimtar da ita ba tare da na saɓa mata ba? Don Allah ki taimaka ki amsa min kafin tafiyar Bauchin nan.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

'Yarki,
Wata baiwar Allah, Gangare, Jos