Zuwa ga Uwata, mai karatun adana bayanan lafiya

Anka, Jihar Zamfara

Assalamu alaikum, Uwata. Da fatan kin sauka lafiya, kin kuma samu ɗakin kwana.

Mahaifiyarki ta gaya mini kin yi kuka ranar da sunanki ya fito, wai likitanci kika nema aka ba ki karatun adana bayanan marasa lafiya, har ƙannenki na yi miki tsiya da "mai yankan kati". A tasha ban ce komai ba saboda idon mutane.

Kina ƙarama a 2010, ba za ki tuna ba. Yara suka riƙa mutuwa a Dareta da Bagega, da Yargalma can Bukkuyum. Kowane gida na ɗauka tasa ce ta same shi, wannan ya ce zazzaɓi, wancan ya ce iska. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan yaran da ke mutuwa, aka gwada jini, sannan aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinarin da ake niƙawa a tsakar gida. Yara wajen 400 suka tafi. Har gobe ina cewa da akwai mai rubuta kowane yaro da shekarunsa da ƙauyensu, yana duba littafin duk mako, da an farga da wuri.

Ga ta cikin gida. Mai sunanki, Allah ya jiƙanta, sau uku muna kai ta wani asibiti, sau uku ana cewa ba a ga fayil ɗinta ba, a yanki sabon kati. A zuwa na uku aka sake ba ta maganin da tun farko an rubuta jikinta ba ya ɗauka. Kwana biyu tana kumbure.

Don haka kada ki raina darasi ko ɗaya. Za a koya muku sassan jiki da sunayen cututtuka, da ƙididdiga, da kwamfuta, da lambobin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, inda kowace cuta ke da tata lamba. Ki kuskure ɗaya, kin ɗora wa mutum ciwon da ba nasa ba. Ƙididdigar ce na san za ta ba ki wuya, don ni kika gado a ƙin lissafi. Ki nemi wadda ta fi ki, ki zauna kusa da ita. In kin gama kuma akwai rajista da hukumar jami'an adana bayanan lafiya, wadda aka kafa tun 1989.

Abin da ya fi damuna shi ne bakinki. Ranar da kika fara aiki dangi za su zo. Wata za ta ce ki duba mata ko kishiyarta na da ciki, wani ya ce ki leƙa sakamakon gwajin yarinyar da ɗansa ke nema. Da dariya za su zo, da tsaraba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana, kafin ita kuma addini ya hana. Ko ni na tambaye ki, ki ce, "Baba, amana ce." Ba zan ji haushi ba.

Na ba direba kuɗin littattafai da garin kunu daga mahaifiyarki. In an yi hutu kada ki kama hanya da yamma, ki kwana Gusau wajen gwaggonki, da safe ki taho.

Mahaifinki