Marubutanmu, Ku Bar Baƙar Yarinya Ta Ƙare Labari Da Baƙinta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da marubutan labaran Hausa, musamman waɗanda 'yan mata ke bi a waya. Ni malamar Hausa ce a makarantar sakandaren 'yan mata, kuma na san abin da ɗalibaina ke karantawa in sun koma gida hutu. Littattafan takarda na adabin kasuwar Kano sun ja baya, amma karatun bai mutu ba. Ya koma zaurukan WhatsApp da Wattpad da Facebook, ana sakin labari shafi-shafi, wani ma sai an biya kuɗi kafin a karanta. Yarinya 'yar shekara 14 takan cinye littafi guda a dare ɗaya, tana ƙudundune cikin bargo.

Damuwata ita ce kamannin jarumar labari. Kusan kullum fara ce sol, ga dogon hanci, ga idanu dara-dara, ga gashi har gadon baya, sai marubuciya ta ƙara da cewa kai ka ce Balarabiya ce. Baƙa kuwa 'yar aiki ce, ko muguwar kishiya, ko ƙawar da ake aika ta kira jaruma in saurayi ya zo zance.

Akwai masu ƙoƙarin gyarawa, kuma nasu ne ya fi ci mini rai. Za su fara da baƙar yarinya 'yar ƙauye wadda kowa ke rainawa, har ka yi murna ka ce yau an zo wurin. Sai a kawo ta birni gidan wata Hajiya, hutu ya ratsa ta, a haɗa mata sabulu da mayuka, kafin tsakiyar littafi an ce ta murje ta yi haske, ashe dama fara ce rana ta dafar da ita. Daga nan ne ɗan gidan zai ɗaga ido ya gan ta. To me aka faɗa wa yarinyar da ke karantawa, wadda baƙinta na gado ne, babu hutun da zai kankare shi?

Na taɓa ba wa aji aikin insha'i, na ce kowace ta siffanta matar da ta fi burge ta. Wata ɗaliba mai ƙwazo ta rubuta a kan mahaifiyarta, ta ce fara ce doguwa. Na san mahaifiyar, tana zuwa ranar ziyara, baƙa ce kyakkyawa mai wushirya. Da na tambaye ta a keɓe, sai ta sunkuyar da kai ta ce, “Malama, ai haka ake rubutawa.” Yarinyar nan ta haddace hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Allah ba ya duban surarku da dukiyoyinku, zukatanku da ayyukanku yake duba. Amma da ta ɗauki biro, littattafan waya ne suka yi magana.

Abin kuma ba ya tsayawa a takarda. Bayan kowane dogon hutu sai ka ga wasu sun dawo fuska ta yi jajir, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, suna kare kumatu da hijabi a filin asambuli saboda rana na yi musu zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man sa fari, kuma a 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Wasu mayukan na ɗauke da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, wasu kuma suna sirantar da fata har rauni ya yi wuyar warkewa. Ban ɗora wa marubuta laifin duka ba. Akwai fina-finai, akwai masu tallan haɗi a TikTok, akwai samarin da ke cewa su sai fara, akwai mu iyaye da ke kiran ɗiyarmu baƙa cikin faɗa kamar zagi ne. Sai dai marubuci shi ke shiga ɗaki da yarinya bayan kowa ya yi barci.

Ba wa'azi nake nema ba, domin 'yan matan nan suna tsallake shafin nasiha. Labari nake so mai daɗi, da soyayyarsa da rikicinsa, wanda jarumarsa baƙa ce daga shafin farko har na ƙarshe. Ko mai ƙiba, ko mai in'ina, ko mai tsagar gado, ko zabiya wadda farin nata ma bai hana a tsokane ta ba. A nuna ta tana kuka in an yi mata gori, domin hakan na faruwa, sannan a nuna abin da ta iya, da mutanen da suka so ta a yadda take.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta nuna muna da mata masu alƙalami. Ina kira gare su, da ƙungiyoyin marubuta, da gidajen rediyon da ke karanta littattafai, su nemo irin wannan labari su ba shi fili. Duk wadda ta rubuta, ni zan saya in karanta wa ɗalibaina a aji.

Wassalam.

Malamar Hausa,
Zariya, Jihar Kaduna.