Rahoton ayyukan shekara daga biron ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Tarurrukan wata-wata an yi su, in ban da na watan azumi.

Abin da ya faranta mana rai bana shi ne aikin kwafe rajistocin haihuwa da muka yi a wata kwamin ta gundumar Madarumfa. Kantoma ya ba mu ɗaki da tebura, ɗalibai daga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suka zo da ordinatocinsu, mu kuma muka kai pano da batir. Wasu rajistocin gara ta ci gefensu, tawada ta koɗe, sai tsohon sakataren wurin ya sa tabarau yana karanta mana rubutun magabatansa. Mun ɗauki hoton kowane shafi da salula kafin a taɓa shi, sannan aka shigar da suna, ranar haihuwa, gari da lambar takarda cikin jadawali mai sauƙi wanda ba ya buƙatar intanet. Wahalar ita ce sunaye: Mahamadou a wannan shafi, Mamadou a wancan, yaro ɗaya ne. Dole muka ƙara gurbin sunan uwa don a bambance.

Ranar rufewa wata dattijuwa ta zo neman takardar jikarta da za ta yi jarrabawar BEPC. A da sai a ce ta dawo wani mako, a zazzage kabad. Ran nan kafin ta gama gaisawa an samo lambar, aka ɗauko rajistar, aka buga hatimi. Har guɗa ta yi. Allah ya saka wa ɗaliban nan da alheri, ko kuɗin kabu-kabu ba su karɓa ba.

Sai maganar manhajar salula ta shelar haihuwa, wadda wasunku ke ta tambaya a WhatsApp kamar biro ya cinye kuɗinta. Ba a kammala ba, kuma ga dalili. Dokar Nijar ta 2019 kan rajistar haihuwa da makamantansu ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa, shi ya sa muka so ungozoma ta aiko da bayani tun daga ƙauye. Amma ƙauyukan da suka fi buƙata su ne marasa rezo. Wuta ma kun sani, ta Maradi daga layin Katsina take zuwa, kuma abin da muka gani lokacin da Najeriya ta yanke ta a 2023 ya isa darasi. Bayan haka, bayanan 'yan ƙasa ba abin da ƙungiya za ta zuba a inda ta ga dama ba ne. Akwai ANSI, hukumar gwamnati mai kula da harkokin fasahar sadarwa, da kuma tsarin gwamnati, dole abinmu ya dace da nasu. Ra'ayina, kuma na faɗa a biro, kada mu sake sayen wata na'ura sai sakatarorin da muka horar sun iya adana kwafi da kansu. A wata kwamin mun tarar da injin buga takardu sabo fil a kwalinsa, don babu kuɗin tawada a kasafi.

Horon da muka yi wa Dakoro alkawari shi ma bai yiwu ba, asusu ba kuɗin mai.

Wannan ya kawo mu kan kotizasiyo. Jika ɗaya a wata ce, ba ta kai kuɗin katin wayar da wasu ke ƙonawa wajen kawo mana shawarar ƙirƙirarriyar basira ba. Mafi yawanku ba su biya ko rabin shekara ba, kuma masu biya su ne dai masu zuwa aiki. Ma'aji ya gaji da bin mutane gida-gida daga unguwar Zariya zuwa ta Ali Ɗan Tsoho, nima na gaji da tunatarwa. Wanda ke nesa ya aiko ta Nita ko Amana, ya turo hoton rasit. Wanda bai biya bashinsa ba kafin babban taro, ba shi da ƙuri'a a zaɓen sabon biro, kamar yadda dokarmu ta tanada.

Sakataren ƙungiya, Maradi