A tuna da mazauna bakin kogin Ogun kafin ruwa ya sake zuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana kan ambaliyar da ke cin mu a gefen Mile 12, Owode Onirin da Ajegunlen hanyar Ikorodu, a nan Legas. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa na haura shekara ashirin ina sayar da albasa a nan.

Idan damina ta yi nisa madatsar Oyan da ke jihar Ogun ta cika, dole a buɗe ta, sai kogin Ogun ya tumbatsa ya biyo ta kanmu. A Oktoban 2010 da kwale-kwale muka riƙa shiga lungunmu. Da idona na ga maƙwabciyata ta jera 'ya'yanta uku a kan tebur, ita tana tsaye cikin ruwa har ƙugu, da buhun garin kwaki a ka. Da ruwan ya janye ya bar mana laka mai ɗoyi, katifu sun ruɓe, rijiya ta gurɓace. Ba mu gama murmurewa ba sai ga ruwan saman 10 ga Yulin 2011, wanda ya ci rayuka a faɗin birnin.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda gyara yake bin tsohon layin da Turawa suka shata. Su suka keɓe wa kansu Ikoyi, sojojin Hausawa kuwa aka zaunar da su a Obalende. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta rushe unguwar talakawa ta Maroko, ɗaya daga cikin dalilan da ta bayar shi ne ambaliya, yau wurin ya koma na masu hannu da shuni. Da teku ta addabi gaɓar Bar Beach sai ga katangar duwatsu, sai ga sabon birnin Eko Atlantic. Ban ƙi ba, su ma bayin Allah ne. To mu fa, da muke sauke tumatir da tattasan da ake miya da su a can?

Bayan wata ambaliya, masu rubuta sunayen waɗanda za a tallafa wa sun zo suna neman rasit ɗin haya. Yaranmu 'yan dako a rumfa suke kwana, wasu a barandar masallaci, ina za su samo rasit? Haka aka tsallake su.

Mu ma da namu laifin, domin ruɓaɓɓen kayan gwari da ledar ruwa da muke turawa kwata su ke toshe ta. Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su buɗe rajistar duk wanda ke kwana a yankin, su kuma nemi a riƙa isar da sanarwar buɗe madatsa da Hausa, a rediyo da masallatan Juma'a, ko da mako guda ne kafin ruwa ya iso, mu samu mu ɗaga buhunanmu mu kwashe yara.

Naku,
Wani ɗan kasuwar albasa,
Mile 12, Legas