Ƙaiƙayi a Ido da Maganin Kemis

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin manoma kan wani rauni da ake rainawa, wato ƙarzuwar baƙin ido, musamman yanzu da kaka ta kama, ana ta sussuka da shiƙa.

A makon jiya aka kawo mana wani magidanci asibitin da nake aikin jinyar ido, wanda ƙaiƙayin gero ya faɗa masa a ido kwana 9 kafin zuwansa. Ya murza, an hura masa, uwargida ta ranbaɗa masa kwalli, daga bisani ya sayi maganin ɗigawa a kemis. Jan ya ragu har ya ɗauka ya warke, amma ranar da ya iso fari ya riga ya tsiro a tsakiyar baƙin idon. Da na karanta jikin kwalbar sai na ga akwai dexamethasone a ciki. Irin wannan magani yana kwantar da ja da kumburi, amma yana danne garkuwar ido, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya, musamman fangas, wato dangin funfuna, da ke zaune a jikin tsirrai, har karce ya zama gyambo, gyambo ya bar hakiya.

Abin takaicin shi ne gano raunin ba ya cin lokaci. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a taɓa idon da 'yar takarda mai rinin fluorescein, a haska shuɗiyar fitila, nan take wurin da ya ƙarzu zai fito kore shar. Sai a juya fatar ido ta sama, domin a can tsinke yakan maƙale yana kartar ido a kowace ƙiftawa. Karce marar zurfi yakan warke cikin kwana 1 zuwa 3 da man ido na chloramphenicol, mai kashe ƙwayoyin cuta. Maganin kashe zafin kuwa ba ma barin kowa ya tafi da shi gida, ko da ya roƙa, saboda yana jinkirta warkewa.

Ina kira ga Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya da ta tsananta bincike kan masu sayar da ɗigon ido irin mai dexamethasone ba da takardar likita ba. Wanda ciwon idonsa ya kwana bai lafa ba, ko ganinsa ya dushe, ya nufi asibitin ido mafi kusa, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma ya riƙo kwalbar duk abin da ya ɗiga domin mu gani.

Naku,
Wani malamin jinyar ido, daga Zariya