Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 na Ƙungiyarmu ta Masu Sha'awar Motoci, Maraɗi

Assalamu alaikum.

Alhaji shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, yayye da ƙanne. Ga bayanin abin da muka yi daga Janairu zuwa Disamban 2024, kamar yadda dokarmu ta ɗora wa magatakarda. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa ranar babban taro. Nawa labarin ayyuka ne, da abin da nake ganin ya kamata mu gyara kafin tafiye-tafiyen Sallah su riske mu. Ban kama sunan kowa ba, da motarsa na kira shi kamar yadda muka saba a fada. Wanda ya ji an taɓa shi ya yi haƙuri, ni ma ban tsira ba, za ku gani a ƙasa.

Zaman Lahadi da wahalar kayan gyara

Zaman Lahadi bayan La'asar bai yanke ba, sai cikin azumi da muka mayar da shi bayan asham, da kuma makonnin ambaliya. Mun karɓi sababbin mambobi, yawancinsu samari masu Starlet da Corolla. Gardamar 504 da Mercedes 190 tana nan inda muka bar ta bara. Baba mai 504 shuɗiya har yanzu yana tuna mana cewa tasa haɗin Kaduna ce, inda Peugeot ta buɗe masana'anta tun 1975, kuma da hannunsa ya tuƙo ta daga Katsina ta Jibiya. Masu 190 kuwa sun ce in an zo maganar ƙarfin jiki a bar wa Bajamushe. Shayi na uku kan ƙare ba a raba gardama ba, kuma ban ga alamar wani yana son a raba ta ba.

Watannin farko na shekara sun yi mana tsauri. Iyakarmu da Najeriya a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, alhali rabin abin da ke cikin gareji a Maraɗi daga Kano da Katsina yake zuwa. Iyakar Benin kuma ba ta buɗu ba, don haka kayan da a da ke shigowa daga Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Motocin mutanenmu da dama sun kwana a kan dutse don rashin abin da bai kai tafin hannu ba. A nan ne ma'aji ya kawo shawarar da na fi alfahari da ita a bana: kowa ya rubuta abin da ke jibge a gidansa ba ya amfani da shi, kabireto ne, dinamo ne, gilashin fitila ne. Aka buɗe littafi. Kafin ka je kasuwa, ka fara duba littafin. Wani Alhajinmu ya ciro akwatin giyar mota sukutum daga ƙarƙashin rumfar awaki, ya ba yaro mai Carina, ya ce in ya samu ya biya.

Batun mai ya ɗan yi sauƙi. Tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023, man kwalba na bakin hanya ya daina araha, jama'a suka koma gidan mai, kuma a watan Yulin 2024 gwamnatinmu ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499. Babban makanikinmu ya ce kabireton da yake wankewa saboda dattin mai ya ragu sosai.

Ranar duba motoci

Sau biyu muka yi ta, mako biyu kafin ƙaramar Sallah da kuma kafin ta layya, a garejin babban makanikinmu, wanda ya rufe aikinsa na yini guda bai karɓi ko dala ba. Allah ya saka masa. Kowace mota ta hau rami, an duba birki, fitilu, batir, baƙin mai, lagireto da belin fanka. (Wani baƙo daga Yamai ya yi mana dariya wai rabin kalmomin garejinmu na Katsina ne, rabi na Faransa. Muka ce masa mota dai ta tashi.)

Ni ne ke riƙe da takarda ina rubuta laifin motar kowa, har da ɗan murmushi. Da aka zo kan tawa, babban makanikin ya durƙusa gaban tayar baya ta hagu, ya tofa yawu a yatsa ya goge ƙurar gefenta, ya ce in haska masa da fitilar salula. Ya nuna mini wasu lambobi huɗu cikin ɗan zagaye, a ƙarshen layin da ya fara da DOT: 3714. Ya ce, "Malam magatakarda, karanta ma jama'a." Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wato an ƙera tayar a mako na 37 na 2014. Shekararta kusan goma, ni kuwa wata huɗu da sayenta a hannu, ina ta yabon zanenta bai cinye ba. Ya lanƙwasa gefen da babban yatsa, sai ga tsaga ƙanana birjik kamar faso a diddige. Da wannan tayar nake shirin kai iyalina Tasawa cikin zafin Afrilu. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Da hannuna na rubuta kaina a takardar.

Daga nan kowa ya duƙa yana karanta tasa, kuma ba ni kaɗai ba ne. Masu ƙera taya irin su Michelin suna cewa in ta shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta na nan, har da wadda ke ajiye a but. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, balle a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa.

Wani abin da muka sha gardama a kai shi ne rage iska. Da yawanmu mun tashi da jin cewa in za ka yi doguwar tafiya da bazara ka sace wa taya iska kada zafi ya fasa ta. Ashe akasin haka ne. Tayar da iskarta ta gaza ita ce ke lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, ta ɗauki zafi har ta tarwatse. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, ba abin da mai faci ya ji da bugun ƙarfe ba. Man birki kuma yana shan danshi, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. An samu mota ɗaya da aka cika mata ruwan sabulu a madadinsa. Mai ita ya rantse wani yaron gareji ne ya yi masa haka a hanya. Mun yarda, amma ba ta fita daga garejin ba sai da aka wanke layin gaba ɗaya.

Tafiyar Damagaram

Ita ce babbar tafiyarmu ta bana, bayan Sallar layya, kilomita wajen 240. Motoci bakwai muka tashi bayan sallar Asuba. Ƙa'idar ayari kowa ya san ta: shugaba a gaba, makaniki a baya da igiyar ja, ba mai wuce na gaba, in ɗaya ya tsaya kowa ya tsaya. Mun wuce Cadawa lafiya. Muna fita Agye sai ƙannenmu biyu suka fizge, suka wuce motar shugaba, ɗaya yana tuƙi da hannu guda yana ɗaukar ɗan'uwansa bidiyo. Kafin mu ankara sun ɓace.

Dab da Gazawa belin fankar 504 ya tsinke, allurar zafi ta haura. Baba ya gangara gefe, mu huɗu muka tsaya a bayansa. Aka kafa alamar kusurwa uku nesa da mota, aka hana wani mai karambani buɗe murfin lagireto da zafinsa. Babu bel ɗin 504 a kayanmu, sai mai 190, babban abokin gardamar Baba, ya juya ya shiga gari ya yi ta bin shaguna har ya samo wanda ya yi daidai. Shi ya kwanta a ƙasa da farar shaddarsa yana riƙe wa makaniki sifana. Baba na tsaye yana kallo, ya ce, "Yau dai Bajamushe ya yi ma Bafaranshe bauta." Mai 190 ya amsa daga ƙarƙashin mota, "Baba, ai mu mun saba jan ku."

A Tasawa muka tarar da samarin nan sun ci sun sha, suna tambayar me ya tsare mu. Shugaba bai ɗaga murya ba. Baba ne ya yi magana: "Ɗiyana, da mu munka hwaɗi, wa za ya gaya muku? Da ku kunka hwaɗi, wa za ya ɗauke ku?" Kwamiti ya dakatar da su wata biyu. Sun zo da goro sun ba da haƙuri, an karɓa, kuma ɗayansu ne yanzu ke riƙe da igiyar ja a motar baya. A ganina hukuncin ya yi sauƙi, na kuma faɗi haka a kwamiti, aka rinjaye ni. Ga dalilina. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Duba salula na daƙiƙa biyu, ka yi fiye da mita 50 ido rufe, a hanyar da amalanken shanu, jaki da yaro mai tallar gyaɗa ke fitowa ba sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'in ƙannen nan namu ke nan.

Sauran tafiyar ta yi daɗi. Mun ga fadar Sarkin Damagaram da duwatsun Birni, masu masaukinmu sun yi mana karamci, mun dawo da rana tsaka washegari, a jere.

Ambaliya da zumunci

Ruwan ƙarshen Agusta ya yi wa Maraɗi ɓarnar da ba sai na ba ku labari ba: gidaje sun rushe, an rasa rayuka, har komawa makaranta aka ɗage zuwa 28 ga Oktoba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba mu kira taro ba, amma masu Hilux da Land Cruiser sun kwana uku suna kwashe kayan jama'a zuwa inda aka tsugunar da su, da man aljihunsu. Motocin mambobi uku ruwa ya shanye. Biyu an ja su gareji ba a tayar ba, an zubar da mai an busar, sun tashi. Na ukun ya murza makulli don ya gwada sa'a, ruwa ya riga ya shiga injin, sai da aka sauke shi. Asusun taimako ya ɗauki wani kaso na gyaran.

Ziyarar tafkin Madarumfa da muka tsara ba ta yiwu ba, saboda lalacewar hanya da kuma shawarar dattawa kan tsaro. Mun halarci sunaye da ɗaurin aure na mambobi, mun je ta'aziyya har Tibiri da Dakoro. Dokar hana wasan mota wurin ɗaukar amarya ta yi aiki, ba a kawo ƙarar kowa ba.

Alkawarin koyon taimakon farko ga wanda ya ji rauni, wanda muka ɗauka tun bara, ba mu cika ba. Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa. Laifin kwamiti ne, ni ma ina ciki. Bashin kuɗin wata kuma ma'aji zai karanto sunaye, tun da ni na yi alkawarin ba zan kama suna ba.

Shirin Sallar 2025

Azumi zai kama a farkon Maris, ƙaramar Sallah a ƙarshensa, layya a farkon Yuni. Wato tafiya ta farko da zafi da gajiyar azumi, ta biyu da zafi da hadarin farkon damina. Kwamiti ya tsayar cewa motar da ba ta hau rami ranar dubawa ba, ba za ta shiga ayari ba, ko ta shugaba ce. A zo da permi (lasisin tuƙi), kart giriz (takardar mallakar mota), asirans (inshora) da takardar bisit (shaidar duba lafiyar mota) masu rai, da tayar ajiya mai iska, jak, alamar kusurwa uku, abin kashe wuta da jarkar ruwa. Bel kowa ya ɗaura, har na baya.

Tafiyar dare mun soke ta gaba ɗaya, musamman ɓangaren Madarumfa, Ɗan Isa da Gidan Rumji, saboda matsalar tsaro. Masu zuwa Yamai, kilomita wajen 660 ne, ba tafiyar direba ɗaya da ya kwana tahajjud ba ce. A tafi da mai karɓa, a huta a Madawa, Ƙonni da Dogon Dutsi, kuma mai sayen albasa a Galmi ya tuna buhu nauyi ne, ragon layya ma haka. Masu tsallakawa Katsina da Kano, ficewar ƙasarmu daga CEDEAO (ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma) za ta cika ranar 29 ga Janairun 2025, kowa ya je wurin mai inshorarsa ya tabbatar da takardunsa kafin ya kama hanya. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18, a sa su a salular uwargida ma.

Ranar duba motoci ta farko za ta kasance Lahadi biyu kafin azumi, don kada a ce yunwa ta hana. A ranar ne kuma za a yi darasin taimakon farkon, na riga na yi magana da ɗan'uwanmu malamin asibiti mai Corolla, ya amsa.

Babban jak ɗin ƙungiya ya fita aro tun ambaliya bai dawo ba. Wanda yake hannunsa ya aje shi a garejin babban makanikinmu kafin taro, ba za a tambaye shi komai ba.

Wassalam.

Magatakardan ƙungiya
Maraɗi, Janairu 2025