Wasiƙa Daga Ƙofar Sauri: Na Je Masar Na Dawo

Ƙofar Sauri,
Katsina.

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan hunturu ya sauko, hazo ya rufe gari, da asuba sai mutum ya yi ta maza kafin ya taɓa buta. Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka kwana biyu ba ka leƙo ta ba. Uwargida ma ta ce a miƙa gaisuwarta ga maman yara.

Ka yi haƙuri da shirun da na yi. Na san labarin tafiyata Masar ya riske ka a bakin mutane, alhali daga bakina ya kamata ka fara ji. Ɗana, takwaranka, ne ya kammala karatunsa a Azhar, ya dage sai na je na ga inda ya yi shekarun nan kafin ya tattaro kayansa. Kwana 12 na yi. Waya ba za ta ɗauki abin da ke cikina ba, shi ya sa na ɗauko biro da takarda kamar zamanin muna makaranta.

Daga Kano muka tashi, ba mu cika awa biyar ba muka sauka Alƙahira. Tun a sama jikina ya yi sanyi, don yawancin tafiyar rairayi ne kawai a ƙarƙashinmu. Wannan hamadar ce kakanninmu suke ratsawa da ayari ta Agadas da Fezzan, su yi watanni a hanya, wasu ma ba su dawowa.

Dalar Giza dai ka sha ganinta a hoto, to hoto bai faɗi komai ba. Babbar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500 a tsaye. Tsayinta na asali mita 146 ne, kuma an jera duwatsu sama da miliyan biyu kafin a kai ƙololuwa. Na tsaya kusa da dutse ɗaya na sahun ƙasa, ya kawo mini ƙirji. Wani mai raƙumi ya so ya ɓata mini rai, mun yi ciniki a kan kuɗi kaza, da zan sauka ya ce sai na ninka. Takwaranka ya yi masa magana da irin Larabcinsu na kasuwa, nan take ya sauko. Wallahi daɗin da na ji na jin harshen a bakin yaron ya mantar da ni ɓacin ran.

A gidan tarihi na Fustat na ga gawarwakin sarakunansu, guda 22 da aka mayar can a 2021. Har da Ramsis na biyu, wanda mutane da yawa ke cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa. Yana kwance cikin gilashi, ga gashin kansa, ga faratansa, ya bushe kamar ƙirare. Ayar nan ta Suratu Yunus, wadda ta ce za a tsirar da jikin Fir'auna ya zama aya ga na baya, ta faɗo mini. Na fito ban iya cewa uffan ba har muka shiga mota.

Amma abin da ya sa na rubuto maka ba dala ba ce, ba kuma Fir'auna ba. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Azhar, wanda aka aza harsashinsa tun 970. Bayan an sallame, takwaranka ya ja ni gefe a farfajiyar nan mai farin dutse ya ce, "Baba, ka san Bakatsine ya taɓa karantarwa a garin nan?" Sai ya ba ni labarin Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi. A nan ƙasarmu ya yi karatu, ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alƙahira. Gwani ne a ilmin lissafi da taurari, ya yi rubutu a kan yadda ake tsara hatimi, wato gidajen lambobi da ko ta ina ka haɗa jimla ɗaya za ta ba ka. A gidan Shehu Hasan Aljabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Masar ɗin nan, ya rasu a 1741. Aminina, shekara nawa muka yi ni da kai muna wucewa ta gindin Gobarau da allunanmu? Sunan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani mun tashi da shi a kunne, amma wannan bawan Allah sai da na ƙetare hamada, ɗan cikina ya sanar da ni shi. Kunya ta kama ni, alfahari kuma ya cika mini zuciya, duk a lokaci guda.

Washegari na ce lallai a kai ni ƙabarin Imam Suyuɗi. Yana can wajen tsohuwar maƙabartar Ƙarafa, ba nisa sosai da hubbaren Imam Shafi'i. Wuri ne ba mai ado ba. Ka tuna Jalalainin da muke zama saurare kowane azumi, malam na fassara mai jan baƙi na ja? To ga ɗaya daga cikin Jalalu biyun nan kwance tun 1505. Kuma shi ne ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim Sura da sarkin Agadas wasiƙar nasiha a kan adalci da tsoron Allah a mulki. Ashe tun fiye da shekara ɗari biyar malaman Alƙahira sun san da zaman garinmu, har suna ganin ya isa a rubuto masa. Na yi masa addu'a, na yi wa malamanmu na zaure da suka riga mu, na sa da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, don a zaurensa na fara jin sunan Suyuɗi.

Daga nan muka bi jirgin ƙasa na dare zuwa kudu. Da gari ya waye na leƙa taga, sai na gane Masar. Kore shar a gefen kogin Nilu, rake da dabino da alkama, ka ɗan ɗaga ido kaɗan kuma sai jan dutse da rairayi, kamar an ja layi da wuƙa. Kusan dukkan mutanen ƙasar a wannan siririn tsiri da bakin kogin suke rayuwa. Na tuna fadamun Ajiwa da Jibiya, na ce da za mu riƙe ruwanmu da irin wannan muhimmanci, da rani bai kore mana samari zuwa ci-rani ba.

A Luksor mun shiga Karnak, tsohon wurin bautarsu, inda ginshiƙai 134 suke tsaye a zaure ɗaya, kowanne an zane shi da rubutunsu na tsuntsaye da idanu. Mun leƙa Kwarin Sarakuna, inda aka gano ƙabarin Tutankhamun a 1922. Fentin bangon wasu kaburburan kamar jiya aka shafa.

Aswan ce ta kwanta mini. Mutanenta Nubiyawa baƙaƙe ne kamarmu, masu fara'a da son baƙo. A kasuwarsu na ga goriba tuli guda, na ga zoɓo, su karkade suke ce masa, suna sha da zafi suna sha da sanyi. Miyar da suke ji da ita, mulukiya, lalo ce tsaf. Da yamma muka hau kwalekwalen da iska ke turawa, ba inji ba hayaniya, rana tana faɗuwa bayan tudun rairayi, kiran sallar magariba yana tasowa daga gaɓa biyu. Na so a ce kana wurin.

Kafin asuba muka kama hanyar Abu Simbel, wani tsohon wurin bauta da aka sassaƙa a jikin dutse, kusa da iyakar Sudan. Lokacin da ake gina babbar madatsar ruwa ta Aswan, ruwa zai haɗiye wurin. Sai ƙasashen duniya suka haɗu ƙarƙashin UNESCO, tsakanin 1964 da 1968, aka yayyanka ginin gunduwa-gunduwa, aka ɗaga shi mita 65 zuwa kan tudu, aka mayar da kowane dutse mazauninsa. Ina kallon wannan aiki, ganuwarmu ce a raina. Ka san inda muke hawa muna hango gonaki ta bayan Ƙofar Guga? Yawancinta ta tafi, wani wurin ruwa ya cinye, wani wurin an ɗebe ƙasar an yi tubali, wani wurin gini ya hau kai. Tamu ta ƙasa ce, yaɓe kawai take nema duk bayan damina, shi ma ya gagare mu. Abin yana ci mini rai ƙwarai.

Tun da na dawo na je Gobarau sau biyu, na tafi da ƙananan jikokina, na hau da su har sama, na ba su labarin Alkashinawi. Ƙaramar ta tambaye ni ko shi ma ya taɓa hawa nan.

Ina roƙonka ka zo mana babbar salla. Mu kalli hawa a Ƙofar Soro, washegari mu ɗauki yara mu je Durɓi ta Kusheyi, in lokaci ya ba mu mu ƙarasa Daura su ga rijiyar Kusugu. Tsarabarka tana nan na ajiye: jallabiya, da Jalalaini bugun Alƙahira mai manyan baƙaƙe saboda idanunka, da ƙullin zoɓon Aswan na maman yara. Ban ba kowa ya kawo maka ba, don so nake ka zo ka karɓa da hannunka. Takwaranka ya ce zai kira ka ranar Juma'a ya gaishe ka da kansa.

Ka gaida yara duka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Ƙofar Sauri.